Ɗan Ja Ya Shiga Azumi

Daren Laraba, watan Sha'aban, Kaoje

Kwana biyu ke nan Ɗan Ja, kifina, yana iyo a karkace. In ya nutse sai ruwa ya dawo da shi sama, ciki a waje. Tun da Yaya ya kawo mini shi daga kasuwar Lolo cikin babbar kwalba, ni ke ciyar da shi. Da abincinsa ya ƙare na koma zuba masa garin rogo, sau uku kullum, don kada ya kwana da yunwa a gidanmu.

Baba ya leƙa da ya dawo daga kogi. Ya ce, "Ke ɗiya, da sana'ar su na tsufa. Kifin da ya nuna ciki ya gama. Zuba ma kaji." Na dai rungume kwalbar.

Inna Hure, wadda ta zauna Kwatano ta ga masu kiwon irinsa, ta ce garin ne ya kumbura masa ciki, yadda yake kumbura a kofi. Wai in hana shi ci kwana uku, sannan in ɓare masa dafaffen wake ɗaya. Baba ya yi dariya, ya ce kifi ya riga mu shiga azumi. Ya ba ni zuwa Asabar.

Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Ɗazu na haska fitila, Ɗan Ja ya lallaɓo a karkace yana buɗe wa yatsana baki kamar kullum. Na tura garin ƙarƙashin katifa, na juya masa baya.