Gurbin Uba a Takardar 'Yar Auta

Zuwa ga babbar 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, da ta mai gidanki, da ta jaririyar da ƙanwarki Auta ta bari a hannunki, ina ƙara yi mana ta'aziyya. Yau mako uku da rasuwarta wajen haihuwa. Allah Ya haskaka makwancinta.

Mai gidanki ya aiko mini da kwafin takardar haihuwar yarinyar, domin in sa a akwatin da nake ajiye na sauran jikoki. Na bi ta layi-layi da yatsa kamar yadda na saba. Rana daidai, asibiti daidai. Amma a gurbin uwa sunanki na gani, a gurbin uba kuma sunan mai gidanki. Auta da mijinta babu su ko da harafi guda. Na kyautata zaton cewa akawu ya gan ku riƙe da jaririya ne, ya rubuta bai tambaya ba. Ranar Litinin, in Allah Ya so, zan kai ta babban ofishin rajista da ke nan garinmu a gyara.

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya ƙarfin jiki?

Don girman Allah kada ka je. Akawu bai yi kuskure ba. Ɗago kai ya yi ya ce, "Ke ce uwar?" na ce ni ce. Mai gidana bai so ba, ni na matsa masa ya sa hannu. Shi ya sa ya aiko maka a ɓoye, bakinsa ya kasa faɗa sai ya bar takarda ta kai ƙarata.

Na san mutane za su ce shekara goma sha ɗaya ban haihu ba, na ga banza na ɗauke. Su yi ta faɗa. Wallahi ba haka ba ne. Alkawari na yi wa Auta a kan gadon asibiti, kuma ba zan iya rubuta shi ba. Ka bar takardar nan yadda take, Baba.

'Yarka mai neman gafararka.

*

Zuwa ga babbar 'yata,

Aminci ya tabbata a gare ku. Wasiƙarki ta iso mini kafin Litinin, na karanta ta sau uku, kuma na je. Nasaba haƙƙin yarinya ce, ba naki ba ne balle ki kyautar. A kanta gado yake, a kanta ake sanin waliyyi da wanda ya haramta a aura. Alkawarin da ya saɓa wa shari'a kuwa ba a cika shi.

Ma'aikaciyar da ke taga ta uku ta karɓi rantsuwata a rubuce, ta nemo rajistar asibiti. Kafin ta ɗauki jan biro ta ce, "Baba, ka tabbata? In na ja layin nan ba ya goguwa. Uwa mun same ta a rajistar asibiti. Uba kuwa sai ya zo da ƙafarsa ya sa hannu." Na ce ta ja.

Washegari na yi tafiyar rabin yini zuwa shagon mijin Auta, inda yake gyaran firji. Na same shi tsugune bayan wani firji, bai ko miƙe ba. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Wace 'ya, Malam? Ashe ba su faɗa maka ba? Tun cikin yana wata biyu na sallame ta. Na ce ba nawa ba ne, yau ma haka na ce." Na ce ya ji tsoron Allah, cikin da ya shiga ƙarƙashin igiyar aurensa nasa ne. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "To ka sa hannun mana, tunda kai kake da tabbaci." Maƙwabtan shagon suna tsaye suna ji.

Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rage komai.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Gaskiya ne ya sake ta. Wata bakwai tana ɗakina, kai kana zaton tana gidanta. Aiki ya kai shi wani gari mako uku, ya dawo ya hau ƙidayar kwanaki da yatsu, shi ke nan laifinta. Ta rantse masa har muryarta ta dushe. Ni na yarda da ita, don na san wadda ka haifa.

Jini na zuba tana riƙe da hannuna, abin da take cewa kawai, "Yaya, kada Baba ya ji, da wane ido zai tsaya gaban sahu ya ja wa mutane salla? Kada a kira mini 'ya da mummunan suna."

Na yi ƙarya, na sani, ni zan amsa ta gaban Allah. Amma ƙaryata ta ba yarinyar uba. Yanzu me za su rubuta mata?

'Yarka.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Na koma wurin mijin Auta sau huɗu, har da dattawa biyu. A na biyar na tarar da shagon a kulle, an ce ya kwashe kayansa ya bar gari.

Ga sabuwar takardar nan a cikin ambulan. Sunan Auta yana gurbinsa. A gurbin uba sun ja ɗan gajeren layi.

Hukuncin da na faɗa miki bai canza ba, kuma ba zan ce ya canza ba. Amma da na zo na zauna da ke kafin in je, da watakila Allah Ya buɗa mana wata ƙofa. Duk ranar da yarinyar nan ta iya karatu ta tambaya, kada ki bari ta zargi uwarta. Ki ce kakanta ne ya kai takardar. In ina raye, ki kawo ta in faɗa mata da bakina.

Allah Ya gafarta mana baki ɗaya.
Mahaifinki.