Ragon da Malam Ya Ɗaure

Litinin, 7 ga Oktoba

Wata uku ke nan ban ga al'ada ba. Ga kasala, ko shara ba na gamawa sai na zauna sau biyu. Shekara ashirin da huɗu da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba, sai yanzu ina da arba'in da bakwai? Ni Ramlatu? Na faɗa wa maigidana Malam Idrisa da safe kafin ya fita da taksi. Ya ajiye kofin shayi ya shige ɗaki. Da ya fito idonsa ya yi ja.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Malam ya shigo da ɗan rago a bayan taksi, wai na suna ne. Na ce ya yi gaggawa. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ɗaure shi kusa da madafa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na je likita, an yi hoton ciki. Lokotoron da ta duba ni yarinya ce, na isa in haife ta. "Tanti, ba ciki ba ne, al'adar ce ke ban kwana." Wai gajiyar da zufar da nake yi duk daga nan suke. Ta ce jinina ya yi ƙasa, ta rubuta magani, ta ce in yawaita cin ganye, in riƙa tafiyar ƙafa da safe. Ban san yadda na iso unguwarmu Bobiel ba. Ina buɗe ƙofa ragon ya tarbe ni da kuka.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ban faɗa masa ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Yayata Zeinabu ta zo daga lambunta na Gamkalley da zogale cike da kwando, da hulba, da zoɓo. In sha ba sukari, in ji ta. "Kowace mace ta nan take bi." Haka ne, amma ita ta bi da ƴaƴa bakwai. Da za ta tafi ta tsaya tana kallon ragon. "Ki faɗa masa, ƙanwata. Ciki ba ya ɓoyuwa, rashinsa ma haka."

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ina shan hulba har warinta ya kama zanena. Malam ya ɗauka don cikin nake sha. Ya hana ni ɗaukar bokiti, jiya ya kawo mini gasasshiyar hanta ya tsaya har na cinye. Ga maƙaryaciya ana yi mata hidima. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na shanya zogale, ragon ya tsinke igiya ya cinye rabi. Na bi shi da faifai ina duka ina zagi, sai ga ni zaune a ƙasa ina kuka. Daidai nan Malam ya shigo cin abincin rana. "A hankali, kada ki wahalar da yaron."

Na ce babu yaro, Malam. Babu, kuma ba za a yi ba, ƙofar ta rufe.

Ya tsuguna yana tsince ganyen ɗaya-ɗaya yana zubawa a faifai. Ya tambayi tun yaushe na sani. Na ce sati biyu. "Sati biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ci abincin ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ba ma tayar da maganar. Na ce ya sayar da ragon, ya ce bari dai. Zuciyata ta karye, kuma na san tasa ma, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kwana shida ke nan ina fita bayan sallar asuba da ragon a igiya, tunda an ce in yi tafiya, shi kuma yana son ciyawa. Yau Malam ya biyo mu, ya riƙe igiyar da muka zo titi. Ya kuma dasa zogale uku a tsakar gida, ya kewaye su da ƙaya saboda ɓarawon.

Na share gidan duka ban zauna ba, sai da na ajiye tsintsiya na lura. Ba wai na warke ba ne. Ƴar rigar jaririn da na saya a Babbar Kasuwa tana nan ƙasan akwati, ban iya taɓa ta ba.

Malam ya fara kiran ragon Auta. Na ce ya bari, ba kyau. Ɗazu da na kai masa dusa, na ji bakina ya kira shi haka.