Kilim ɗin ɗakin Inna

Baban Karima,

Na wuce gidanmu Dogarawa da Inna. Mota ba ta jira, shi ya sa ban tsaya ka dawo daga Malbaza ba.

Da hantsi na kira Muttaƙa, wanda ya liƙa muna na'urar nan a bango, mai kunna kilim na sanyaya ɗaki ta kashe da kanta. Na ce ya zo ya gyara, tunda kullum rana ta take sai kilim ɗin ɗakin Inna ya mutu, alhali akwai kuran, ba a ɗauke wuta ba. Ya duba ya ce lafiyarta lau. Daga nesa ake kashe shi da salula, kuma taka kaɗai ya haɗa da ita.

Kai ka ce mini don hawan jinin Inna ka sayo ta. Tun da ta zo jinya nake zaune kanta da mafici, zufa na jiƙa mata zane, ina zagin na'ura. Da marece ka shigo ka durƙusa ka ce, "Sannu da zafi, Inna," tana sa maka albarka. Da ka ce mini kuɗin wutar ya yi maka yawa, da na shimfiɗa mata tabarma gindin dogonyaro, ba wanda zai ji.

Ban gaya mata ba, kar ka kira ta. Tuwonka na cikin kula. Karima na gidan maƙwabciyarmu Tsahara, ka ɗauko ta kafin magariba.

Can ma akwai zafi, amma na Allah ne, ba wanda ke turo shi daga aljihu.

Nazifa