Sadakar Mijina Daga Albashina Take Fita

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin wata ya ƙare, tura ta kai bango.

Maigidana masanin kwamfuta ne. Mahaifinsa tela ne, kuma da ya rasu, maigidan ya zauna ya ƙirƙiri wata manhajar waya da teloli za su riƙa adana awon masu kawo ɗinki. A shafin farko ya rubuta cewa kyauta ce har abada, sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin mahaifinsa. Ranar har kuka na yi don daɗi. Ban san kaina nake yi wa kukan ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, awon ba a wayar telan yake zama ba. Yana can a ma'ajiyar wani kamfani da ake biyan haya duk wata, kuma duk telan da ya ƙaru, hayar ƙaruwa take yi. Mutane na taya shi murna manhaja ta karɓu, ni kuwa lissafin haya nake yi. Ga shi lambarsa ya saka a ciki. Muna cin abinci waya na ƙara, wani tela na yi masa tsawa kamar yaron shagonsa, wai awon kafaɗar amarya ya ɓace. Yawan amsa wayar nan ne ya sa aka sallame shi daga aiki.

Tun daga nan katin bankina ne ke biyan hayar. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wuni nake a tsaye, ga tsohon ciki. Teburin da na so in ajiye kayan jariri, wayoyin gwaji ne a kai. Na ce ya sa wa teloli kuɗi ko kaɗan ne, ya ce ba a karɓe sadaka bayan an bayar, yana jin kunyar mahaifinsa. Ya zama inuwar giginya, Anti, kuma wallahi na fara jin haushin mamacin da bai taɓa yi mini komai ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Zan iya rufe katin ba tare da ya sani ba. In na yi haka, awon mutane zai tafi gaba ɗaya, kuma na san ba zai yafe mini ba. In ban yi ba, ban san da me zan haihu ba. In rufe?

Matar mai sadaka

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Kada ki rufe katin a ɓoye. Telolin nan ba su yi miki laifi ba, abin da aka ce musu kyauta ne suka karɓa, kuma ranar da awonsu ya ɓace ke za ki zama mai laifi, a manta da duk abin da kika yi.

Maigidanki ba mugu ba ne, ɗa ne mai kewar ubansa. Amma ya yi kuskure. Abin da ya mallaka shi ne iliminsa da lokacinsa, ya kuma bayar, Allah ya karɓa. Albashinki ba nasa ba ne da zai yi sadaka da shi.

Ki zaunar da shi da rana tsaka, ki sa masa wa'adi kafin haihuwarki. Ya gyara manhajar yadda kowane tela zai sauke awonsa a wayarsa, ya ci gaba da amfani da ita kyauta kamar yadda aka yi alkawari. Mai son ma'ajiyar kamfani ya biya hayarsa. Shi kuma maigidan ya cire lambarsa, ya koma neman aiki. Wanda ya haƙa rijiya don Allah ba a ɗora masa sayen guga da igiya, kowa da nasa yake zuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, da yawa za su zage shi su watse, ciki har da masu yi masa addu'a yau. Zai ji ciwo, ki tsaya kusa da shi. Idan kuma ya ƙi, ki sanar da wani babba a danginsa, sannan ki janye katinki a gabansa ranar da wa'adin ya cika. Ki tuna masa cewa tsohon nan bai taɓa barinsa da yunwa don ya yi wa wani ɗinki kyauta ba, kuma jikansa ne ke tafe.

Allah ya sauke ki lafiya, ya jiƙan surukinki.