Taki Ɗaya a Bayan Lawwali

Rimawa, 4 ga Janairu

Zuwa ga Malam Simeon, malamin wasanni a Wurno.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mai ɗakinka Augustina.

Shekarar da anka tare ruwan Goronyo, wani direba ya faɗa mini a tashar Achida wai akwai ƙasar da makafi ke tseren gudu. Na ce mashi to, kurame kuma su ne alƙalan waƙa. Munka yi dariya, na manta.

Yanzu ga shi labarin ya shigo gidana. Na turo ɗana Lawwali makaho wurinku ya koyi sana'a, tare da wansa Halliru mai yi mashi jagora. Sai ga matata Kulu ta dawo daga biki tana cewa an gan su Sakkwato suna gudu ɗaure da igiya, wai Lawwali ya riga kowa, anka kuma hana shi nasarar. Mi ya faru? In abin dariya anka maishe shi, ka maido mini ɗana. Ga rama nan jibge, tukar igiya ba ta kunyata makaho ba tun kakanni.

Ka huta lafiya. Naka, Maccido.

Wurno, 11 ga Janairu

Baba Maccido, ina gaisuwa da ladabi.

Gaskiya ne, kuma ba wanda ya yi dariya. Wata biyar muna horo a kan gaɓar magudanar ruwan gonakin shinkafa, don ta miƙe sumul. Tseren mita ɗari ne. Makaho da jagoransa suna riƙe gajeriyar igiya, kafaɗa da kafaɗa. Tasu ma Lawwali ne ya tuka ta. Doka ɗaya ce mai tsauri: jagora ba ya riga ɗan tsere taka layin ƙarshe. Halliru ya riga shi da taki ɗaya, aka soke nasarar.

Na tambayi Halliru. Ya ce, "Malam, tun da ƙyanda ta ci idonsa nake gaba shina baya. In akwai rami, ni ya kamata in faɗa." Na tambayi Lawwali, ya ce, "Da sauran ƙarfina. Amma in wuce Yaya gaban mutane?"

Ran ashirin da tara za a sake gwaji a Rabah, nan za a ɗauki biyu su wakilci jiha. In suka maimaita, shi ke nan, zan maido maka shi. Na yi magana har na gaji. Ni malami ne kawai, wannan maganar ta uba ce.

Ɗanka, Simeon.

Rimawa, 18 ga Janairu

Malam Simeon, bayan gaisuwa.

Ashe laifin nawa ne. Ni na ɗora sandar a hannun Halliru shina da shekara tara, na ce in ƙanenka ya yi tuntuɓe kai zan doka. Ni kuma na koya ma ƙaramin cewa ba a shan gaban babba. Sun riƙe, har sun fi ni riƙewa.

Ka zaunad da su ka karanta masu wanga.

Halliru, ka san ban ruwan albasa. Kai ka buɗe ma ruwa hanya, amma ban taɓa ganin ka shiga fangalin shuka ka riga shi ba. Na sauke maka sandar na tsawon mita ɗari. Bayan layi ka ɗauki abarka.

Lawwali, na yafe maka taki ɗaya. Ɗaya na ce. Wurin cin tuwo yayanka ne gaba har yau.

Zan zo Rabah, in motar haya ta yarda.

Maccido.

Rimawa, 30 ga Janairu

Malam Simeon, barka da arziki, Allah ya raya jaririya ya ba Augustina lafiya. Tunda haihuwa ta tsare ka, ga abin da ka rasa.

Na tsaya bayan layi. Anka buga bindiga, kafin in gyara hulata sun iso. Wani yaron Tursa ya zo na fari. Saura taki uku na ga Halliru ya ja jiki baya, fuskarsa kamar mai sakin jariri a ruwa. Lawwali ya taka layi shi kaɗai, na biyu. An ɗauke shi cikin wakilan jiha.

Halliru ya zauna ƙasa ya rufe fuska da riga. Lawwali ya bi igiyar da hannu har ya same shi, ya ce, "Yaya, tashi ka kai ni wurin Baba, ban san inda shike ba."

Ramar na ba maƙwabci. In ka gamu da direban Achida ka ce na janye dariyata. Labarin tseren makafi na ji shi daga baki da yawa, amma wanda ya faɗa mini na ƙarshe, shina haki, ya ce, "Baba, ya wuce ni," Halliru ne.

Naka, Maccido.