Motar da Ta Yi wa Surukai Tsaki

Zuwa ga Maigirma Malam Sabo Bakanike, uban garejin bayan tasha a Gumel, likitan injuna, wanda kunnensa ke gane ciwon mota tun kafin ta tsaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka, da iyali, da dukkan motocin da ke jinya a hannunka, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a aka kunyata ni. Ka san ni ba mai ƙorafi ba ne. Tun muna samari kake gyara mini babur, ban taɓa ɗaga alƙalami a kanka ba, ko a ranar da ka dawo mini da shi madubi ɗaya yana kallon sama. Amma yau maganar aure ce.

Na ɗaya. Nasiru, ɗan ƙanena marigayi, wanda ya tashi a hannuna, yake kuma fataucin riɗi a Maigatari, ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera har sai dattijo ya yi ruku'u kafin ya shiga. Ya kawo maka, ka ɗaura mata turbo, wato na'urar da ke ɗura wa inji iska don ya ƙara gudu. Ban hana ba. Sai ka ƙara mata wani bawul, wanda da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, yake sakin iskar da ta taru waje guda. Ku kanikawa kuna kiran wannan rage matsi. Ni, da na tsufa ina sauraron bakin Bahaushe, ina shaida wa duniya cewa tsaki ne, dogo, mai ƙarfi, irin wanda ake ja wa mutumin da aka raina tun daga kakansa.

Na biyu. Ranar Asabar da ta wuce na jagoranci tawaga zuwa Sule Tankarkar domin a sa ranar auren Nasiru da Zainabu, malamar asibiti, 'yar Malam Hamisu, tsohon hedimasta. Sauran dangi suna biye a motar haya, ni kuma aka naɗe ni a gaban jar motar da ƙwaryar goro a cinya. Kamar yadda ka sani, mai neman aure ba ya zama a irin wannan taro. Aikinsa ya sauke iyayensa, ya sulale ba tare da an ji motsinsa ba.

To, layin gidan yashi ne. Dole Nasiru ya taka totur don kada mu kafe. Da ya hango dattawa jere a kan tabarmi, sai tarbiyyar da na ba shi ta motsa, ya ɗaga ƙafa domin ya rusuna. Mota ta ja tsaki. Ta fara nutsewa, ya sake takawa, ya sake ɗagawa, ta sake ja. Tsaki na uku, wanda ya fi duka tsawo, ta ajiye shi ne daidai gaban Malam Hamisu, yana tsakiyar amsa mini sallama. Bai ƙarasa ba.

Ka duba wannan zalunci, Malam Sabo. Da yaron marar kunya ne ya wuce su a guje, da ba ta ce uffan ba. Ladabinsa ne ya jawo masa.

Na fito da ƙyar, na yi bayani da duk fasahar da Allah Ya ba ni. Wan Malam Hamisu ya ce kowa ya san mota ce ta yi, ba su haukace ba, amma ba ita ta kawo kanta ƙofar gidansu ba. An karɓi goro, ba a raba ba. Rana kuwa aka ce sai an sake zama. Tun daga nan Nasiru ya rufe motar da tamfol, yana zuwa kasuwa a kan acaɓa, abinci ma sai gwaggonsa ta tsaya a kansa.

Na uku. Da na kawo maka kuka, dariya ka yi har sifana ta faɗi daga hannunka. Ka ce idan aka toshe bawul ɗin, iskar za ta koma ta bugi turbo ta lalata shi. Na yarda, ban ce ka kashe wa yaro mota ba. Amma da bakinka ka faɗa mini akwai wani bawul mai mayar da iskar cikin inji a asirce, sai dai samari ba sa son sa domin ba ya sa a waiwayo. Wannan shi ne bawul mai kunya, kuma shi ya dace da suruki.

Saboda haka, buƙatuna su ne:

Ka cire mai tsakin, ka sa mai haɗiyewa.

Nan gaba, duk saurayin da ya nemi ka sa masa mai ƙara, ka fara tambayarsa ko yana da magana a gidan wani.

Sai babbar. Jiya Malam Hamisu ya aiko mini da saƙo, ga shi yadda ya zo: "Ba Nasiru nake son gani ba. A kawo mini wanda ya koya wa motar tsaki." Don haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za ka wanke hannu da sabulu har sau uku, ka sa babbar riga, ka riƙo wancan bawul a hannu, mu je ka ajiye shi a gaban dattawa, ka ba da haƙuri a madadinsa. Yaran nan biyu suna son juna, kuma ba ni da wani ɗa sai shi.

Allah Ya ƙara wa hannunka albarka, Ya tsare idonka daga tartsatsin walda, Ya sanya maka magana mai daɗi a baki ranar Juma'a. Idan aka sa rana, kai za a fara miƙa wa goro. Idan kuwa ba a sa ba, Nasiru ya ce a garejinka zai tare, ni kuma da kaina zan kawo masa tabarma.

Wassalam.

Naka a kullum,
Malam Isiyaku, daga majalisar gindin darbejiya, Gumel.