Injin Niƙan da Ya Zubar wa Kununa Mutunci

Hajiya Rahina Lauwali,
Shugabar Kwamitin Kunu (wadda aka sauke),
Sedgefield, Greensboro.
10 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Alhaji Lauwali Abdussalam,
Ƙungiyar Zumuncin Tsintsiya,
Greensboro, North Carolina.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: INJIN NIƘA NA ƘUNGIYA DA SAUKE NI DAGA AIKIN KUNUN SHAN RUWA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ana shan ruwa lafiya. Ko da yake shekararmu ashirin da shida da aure, jiya da na tayar da maganar nan a kicin ka ce lamarin ƙungiya sai a rubuce. To, ga shi a rubuce.

1. Ranar Asabar 15 ga Fabrairu, Mai Girma Shugaba ya sayo wa ƙungiya injin niƙa daga hannun maƙwabcinmu Bature mai haɗa giya a garejinsa, ba tare da ya shawarci wadda ta shekara goma sha ɗaya tana dama wa ƙungiya kunu ba. Hujjarsa wai hatsi hatsi ne. Injin na ɓarzar sha'ir ne, domin masu giya tsaki suke so, ba gari ba. Ƙwayar gero kuwa ƙarama ce, ta tsakanin ƙarafan take bi ta fito lafiya lau yadda ta shiga.

2. Ranar 22 ga Fabrairu, maimakon a amsa kuskure sai aka ce juyawa da hannu ne matsalar. Aka kira Malam Hassane, ɗalibin injiniya, ya kwance na'urar motsa jikin da likita ya ɗora ni a kanta saboda gwiwa, ya haɗa injinta da na niƙan da bel. Ina wurin aiki aka yi wannan.

3. Malam Hassane ya bar allon na'urar a haɗe, don haka injin ba ya tashi sai an shigar da shekaru da nauyi. Mai Girma Shugaba ya shigar da nawa, yana karantawa da ƙarfi a gaban 'yan kwamiti huɗu, har ya ƙara mini shekara biyu.

4. Tun daga ranar, geron bai niƙu ba, sai dai yana fita da gudu ya watsu har bakin titi. Duk kuregen Sedgefield ya san gidanmu. Shi kuma Baturen ya ɗauke ni abokiyar sana'a: ranar Juma'a ya tare ni a gaban baƙina mata, ya miƙo mini yis na haɗa giya da kwalabe goma sha biyu kyauta, yana tambayar yaushe za a ɗanɗana. Wallahi na ji kunya.

5. Ranar Asabar 8 ga Maris, Mai Girma Shugaba ya hana ni taɓa bilendata, wai an riga an sanar cewa da injin ƙungiya za a yi. Na yi biyayya. Mutum sittin suka sha ruwa da kunun da sai an tauna.

6. Washegari Mai Girma Shugaba ya rubuta a zauren WhatsApp cewa hannun Hajiya ya gaji, an mayar da kunu ga Madam Kouloussoum, kuma za ta yi da bilenda. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. An doke ni, an kuma hana ni kuka.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba ya bayyana a zauren nan cewa laifin injin ne da wanda ya sayo shi, ya mayar mini da aikina kafin Asabar 15 ga wata, ya sa a haɗa mini na'urata, ya kuma gyara shekaruna a gaban shaidun nan huɗu.

Idan kuwa Mai Girma Shugaba yana nan a kan cewa injin lafiyarsa lau, ba zan yi masa gardama ba. Daga gobe da garinsa zan riƙa tuƙa tuwon sahur na gida, kuma ni na riga na ce tsire zan ci.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da ƙarfin haƙori.

Taka mai biyayya,
Hajiya Rahina Lauwali